Tsakuwa a Kan Dutsen Nezir

St. Louis, 3 ga Afrilu

Yaya Hazim,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da wannan kunnen naka da ya ƙi jin kowa. Ni alhamdu lillahi, gwiwa ce kawai, sai hawan jini. Likita ya ce gishiri ne, na ce masa a'a, surukina Elvir ne. 'Yata Mirnesa tana gaishe ka. Wai ni da kai kaɗai muka rage a duniya masu manna kan sarki a ambulan. Na ce ta gyara wa kawunta kunne, sai mu koma waya.

Albishirinka! An kafa dutsen tunawar nan. Shekara bakwai ina zarya ofishin hukumar ɗan garin nan namu, har masu gadi sun san ƙarar sandata tun daga matakala. Ranar Litinin aka sauke shi a lambun gari. Baƙi ne, ya kai mini ƙirji, da sunan mutum arba'in da ɗaya na mazan garinmu Srebrenica da aka kashe lokacin yaƙi, waɗanda iyalansu ke zaune a nan. Na mijina Nezir ne na ƙarshe. Ka san ba a samu ko ƙashi ɗaya nasa ba. Kowace shekara ranar 11 ga Yuli ana binne waɗanda aka gano a maƙabartar Potočari, ni ina kallo a talabijin, jirgi kuma likita ya hana ni. Yanzu bas ɗaya zan hau in isa ga sunansa. Ban yi kuka a gaban masu ɗaukar kaya ba, sai da na koma gida.

Sai dai da sauran aiki. Taku ashirin daga namu, bayan wani shingen furanni, akwai dutsen Yahudawa na waɗanda 'yan Nazi suka kashe. Da can lafiya lau muke, har limaminmu suke gayyata. Tun da yaƙin Gaza ya ɓarke ko gaisuwa an daina. Shugaban kwamitinsu, wani likitan haƙori mai suna Arnold, ya gaya wa hukuma yana tsoron yaranmu su mai da lambun filin zanga-zanga a gaban sunayen danginsa. Elvir ya miƙe ya ba shi amsar da ba zan rubuta ba. Don haka izinin wucin gadi aka ba mu. Ranar 25 ga Yuni za a kaɗa ƙuri'a, ko dutsen ya zauna, ko a mai da shi harabar masallaci can bayan gari. To wa zai gan shi a can, in ba mu da muka riga muka sani ba?

Ka yi mana addu'a.

Ƙanwarka,
Zumreta

Tuzla, 21 ga Afrilu

Ƙanwata Zumreta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ranar Alhamis, na karanta ta sau uku. Lafiya lau nake, sai yanar ido da za a cire mini a watan gobe. Kunnena kuwa ki ƙyale shi. Shekara arba'in yana jin ina saran dutse, ya ji abin da zai ji.

Kai, 'yar Kawu, kin cika mace! Na tafi da takardar wurin da muke shan gahawa, na sa tsofaffin nan suka ajiye karta na karanta musu. Na ce wannan jinina ce, ita kaɗai ta sa Amurka ta rubuta sunan abokina. Nezir da bai taɓa wuce Tuzla ba! Da yana nan, da ya ce wa ya aike ki, sannan ya sa hularsa mai kyau ya je ya gani.

Ki duba mini zurfin rubutun. Ki sa farcenki a cikin harafi, in bai nutse ba, sanyi zai cinye shi kafin shekara ashirin, ki sa su sake.

Abu ɗaya nake roƙonki: ki riƙe bakinki har a kaɗa ƙuri'ar nan. Na san ki tun kina da kitso biyu. Ke ce kika jefi malamin makaranta da takalmi don ya ce rubutunki kamar sawun kaza.

Yayanki,
Hazim

St. Louis, 9 ga Mayu

Yaya Hazim,

Ina gaisuwa, Allah ya sa a yi aikin idon a sa'a. Farcena ya nutse a rubutun, ka kwantar da hankalinka. Nawa hankalin ne ba a kwance ba.

Wai in riƙe bakina. To na riƙe, ga abin da ya jawo. Kullum da hantsi nakan je da bokiti da tsumma in goge dutsen, don tsuntsaye ba su san mutunci ba. Ranar Talatar waccan na tarar da tsakuwa uku a kansa, a jere. Na ce yara ne, na share. Laraba na tarar da huɗu. Na share. Alhamis ma haka. Na tare mai ba furanni ruwa na tambaye shi, ya ce wata tsohuwa ce daga cikin Yahudawan, takan zo da la'asar tana tura keken dogarawa.

Yaya, ni da na je Hajji na san abin da ake yi da ƙananan tsakuwa. Shaiɗan ake jifa da su. An kashe mana maza, an tone su da motar haƙa an sake binnewa, duk bai isa ba, sai an biyo sunayensu har nan da jifa? Me Nezir ya yi mata?

Ban gaya wa Mirnesa ba, don in ta ji, Elvir ya ji, in ya ji kuwa duniya ta ji. Amma na daina zubar da su. Tara su nake yi a bokiti a bayan ƙofa. Ranar 22 ga wata akwai zaman jin ra'ayin jama'a. Ka rubuto ka gaya mini abin da zan yi, amma kada ka sake ce mini in yi shiru.

Zumreta

St. Louis, 24 ga Mayu

Yaya Hazim,

Ina gaisuwa. Gwiwa da sauƙi. Na jira amsarka har ranar zaman, ba ta zo ba. Na san fushi kake yi don na ƙi jin maganarka. To ka yi ta yi, ni dai na yi abin da ya kamata.

Na sa baƙar rigata da fulawar Srebrenica da na saƙa da hannuna, fara mai koren ciki. Zauren ya cika, namu a hagu, nasu a dama, kamar bikin da dangin ango da na amarya ba sa ga maciji. Da aka kira sunana na ɗauki bokitin, na taka har gaban Arnold, na juye masa a kan tebur. Wallahi ƙararsu har yanzu tana kunnena. Wasu suka gangara ƙasa, ɗaya ta faɗa masa a kofi.

Na ce, "Ga kayanku. Shekara ashirin da biyu na yi ina guga a otal a ƙasar nan, ban taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Amma matattunmu ba abin jifa ba ne."

Fuskarsa ta yi fari fat. Ya buɗe baki, yaranmu suka kaure da tafi, ni kuwa na juya na fita, ko sandata ban dogara ba. Elvir ya ɗauki abin a waya ya yaɗa. Jiya wurin mai burodi mata uku suka rungume ni, mai shagon ya ce ni ce zakanyar unguwa. Rabon da in ji tsayina ya ƙaru haka tun ranar da na sauka ƙasar nan da 'ya a hannu.

Mirnesa ce kawai ta ɓata mini rai. Wai, "Mama, an ce fa al'adarsu ce." Na ce, "Al'adar jifa? Yanzu da aka kama su ai dole ta zama al'ada." Wata ma'aikaciyar hukuma ta raɗa mata wai na ɓata mana ƙuri'a. Ban yarda ba. Gaskiya ba ta ɓata komai.

Ka rubuto, ko zagi ne.

Zumreta

Tuzla, 27 ga Mayu

Zumreta,

Ina gaisuwa a gurguje. Yau aka cire mini bandeji, abu na farko da sabon idon ya gani shi ne takardarki ta 9 ga wata. Kwana goma tana kan tebur, ban yarda wani ya karanta mini ba. Da na sani da na yarda.

Don Allah, don Annabi, kada ki kai bokitin nan ko'ina! In kin riga kin kai, to inna lillahi.

Ki saurara. Kafin yaƙi na yi damina biyu ina gyaran kaburbura a tsohuwar maƙabartar Yahudawa ta Sarajevo. Ranar farko ni ma na share tsakuwar da na gani a kan wani kabari, don in nuna ni mai tsabta ne. Tsohon da ke kula da wurin ya kama hannuna ya sa na mayar da su ɗaya bayan ɗaya. Su ba sa kai wa mamaci furanni. Wanda ya ziyarci kabari yakan ɗora ɗan dutse, alamar cewa na zo, na tuna da kai. Kabarin da ba tsakuwa a kansa shi ne wanda ba shi da kowa. Kuma ba sa yi wa wanda suke ƙi.

Matar nan ziyara take kai wa mazanmu, 'yar Kawu. Da keken dogarawa.

Kin ce taku ashirin ne tsakanin dutsenku da nasu. Kin taɓa takawa kin leƙa? Na san ba ki taɓa ba. Je ki duba samansa.

Ba fushi nake yi ba, ido ne.

Hazim

St. Louis, 14 ga Yuni

Yaya Hazim,

Ina gaisuwa, barka da arzikin ido. Takardarka ta zo ranar Litinin. Na karanta ta a tsaye a bakin akwatin wasiƙu, ban shiga gida ba, na wuce tashar bas. Na zagaya shingen furannin. Yaya, saman dutsensu ba masaka tsinke, tsakuwa ce fal, wasu har sun yi gansakuka. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kwana biyu ban fita ba. A na uku na murza pita, gurasarmu mai haɗi a ciki, na nemi gidan matar. Sunanta Perla, shekararta casa'in da ɗaya, kuma ita ce uwar Arnold. Ka ji! Ta buɗe ƙofa ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke ce mai bokiti."

"Ni ce."

"Tsakuwar tukunyar furannina kika zo kwashewa?"

Na ce pita na kawo. Ta ce da me a ciki? Na ce cuku da alayyafo, ba nama, sai da na tambayi abin da kuke ci.

"Wannan karon kin tambaya," in ji ta, ta matsa na shiga.

Bakinta ya fi nawa, wallahi. Ta ce pitar gishiri ya yi yawa, ta ci yanka uku. A Poland aka haife ta. Mutum goma sha ɗaya na gidansu aka kashe, ba ta da kabari ko ɗaya. Ta ce da ta ga an kafa namu sai ta ce bari ta gaishe da sababbin maƙwabta. Kullum takan karanta suna uku ko huɗu da madubin ƙara girma, ta ajiye wa kowa tsakuwarsa, iyakar abin da ƙafarta ke ɗauka ke nan. Washegari ta tarar an share, ta zaci ma'aikatan lambu ne, ta koma farko. "Wancan na farkon, Alić, na gaishe shi ya fi sau goma," in ji ta. "Yanzu ya gaji da ni." Ɗanta bai ma san tana zuwa ba. Tun ranar bokiti ya ce kada ta sake, ita kuma ta ce ba shi ya haife ta ba.

Na ce mata ta yafe mini. Ta ce, "A gaban mutum ɗari biyu kika zubar, a ɗakin girkina za ki kwashe?"

Gaskiyarta ne, kuma shi ne abin da ke ci mini rai. Mun taɓo maganar Gaza. Na ce mata yaran da nake gani a talabijin suna hana ni cin abinci. Ta ce jikar ƙawarta na cikin waɗanda aka kashe a harin watan Oktoba da ya tayar da yaƙin. Muka ɗaga wa juna murya, ba mu daidaita ba, ban kuma yi kamar mun daidaita ba. Da zan tafi ta ce in dawo mata da magana ranar 25, ta riƙe farantina.

Elvir ya ce in na ba da haƙuri a bainar jama'a na miƙa musu wuƙa, kuma matan da suka rungume ni za su tofa mini yawu. Mirnesa ta ce in ban bayar ba, dutsen babanta ya tafi. Ni kuma tun da aka haife ni ban taɓa cewa na yi kuskure a gaban mutum uku ba, ka sani.

Zumreta

Tuzla, 30 ga Yuni

Ƙanwata,

Ina gaisuwa, ido yana gani har abin da ban so ba. Takardunki biyu sun same ni, ta bokiti da ta pita. Na yi salati, na yi dariya har maƙwabta suka buga bango. Matar nan ki gaishe ta. Shekara sittin ina neman wanda zai iya da ke, ashe yana Amurka.

Kwana biyar ke nan da kaɗa ƙuri'a, ni ina nan kamar kurman da nake. Dutsen yana nan ko an ɗauke? Na sa jikan maƙwabcina ya duba waya, bokitinki kawai ya samo, wai mutum dubu arba'in sun kalla. Ba zan ce miki ga abin da ya kamata ki yi ba, tunda ya wuce. Ki rubuto kawai. Ranar sha ɗaya ga Yuli zan je taron tunawa a Potočari, zan so in san abin da zan gaya wa Nezir.

Hazim

St. Louis, 12 ga Yuli

Yaya Hazim,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, Allah ya sa ka dawo daga Potočari lafiya. Gwiwata ta kumbura don tsayuwar jiya, ban damu ba. Ka yi haƙuri da jinkiri, so na yi in haɗa maka labarin duka.

Dutsen yana nan. Huɗu da uku aka ci.

Ranar ƙuri'ar na sa rigar da na sa ranar bokiti, don kowa ya gane ni. Na tsaya a inda na tsaya wancan karon. Na ce, "Ni ce Zumreta matar Nezir. Na zargi wata tsohuwa da jifan matattuna, alhali ziyara take kai musu. Taku ashirin ne tsakanina da sanin gaskiya, na ƙi takawa. Na yi kuskure, kuma ni kaɗai na yi shi. Kada ku hukunta mutum arba'in da ɗaya saboda bakin mace ɗaya." Ba wanda ya tafa. Wani daga ɓangarenmu ya yi tsaki ya fita. Ka san wani abu? Na ɗauka ranar bokiti ce na fi tsayi, ashe ban sani ba.

Arnold ya miƙe ya ce ya karɓi haƙurina, amma tsoronsa yana nan, don ya ga abin da aka rubuta a ƙarƙashin hoton a waya. Ban ga laifinsa ba, Mirnesa ta karanta mini wasu, na ji kunya. Yana cikin magana uwarsa ta buga keken dogarawarta a ƙasa.

"Zauna, Arnold. Ni na kai suna na ashirin da tara, saura goma sha biyu. In kuka kai dutsen bayan gari, wa zai kai ni? Kai da ko ranar Lahadi sai na kira ka sau uku?"

Har shugabar zaman sai da ta rufe baki don dariya. Aka kaɗa ƙuri'a.

Kada ka ɗauka an shirya. Taron haɗin gwiwa da hukuma ta so bai yiwu ba. Jiya mu muka yi namu taron tunawa a gaban dutsen, Arnold bai zo ba, daga cikinsu mutum huɗu ne suka zo. Biyu daga matan da suka rungume ni sun daina amsa gaisuwata. Elvir mako biyu bai yi mini magana ba, amma jiya shi ya jera kujeru, ya kuma hana abokansa ɗaga kwalayen zanga-zanga har aka gama karanta sunaye.

Bayan liman ya shafa fatiha mutane suka watse, Perla ta turo kekenta. Suna ɗaya ya rage mata, ta ajiye shi don jiya. Ta sa na faɗa mata yadda ake kiransa sau biyu. Tana riƙe da tsakuwar ta ce, "Wane irin mutum ne?"

Yaya, shekara ashirin da tara ana tambayata yadda ya mutu. 'Yan jarida, masu cike takardu, 'yan makaranta. Ba wanda ya taɓa tambayata wannan. Na ce yana minshari kamar tarakta, ba ya cin miya sai ta huce, kuma duk ƙauyenmu ba wanda ya kai shi iya yi wa itacen tuffa aure. Ta ce, "To madalla, Nezir," ta ɗora masa. A nan na yi kukan da na ƙi yi a gaban mutane, ita kuma ta tsaya tana kallon wani wuri har na gama.

Yau da hantsi na ɗauki tsummana zan fita, Mirnesa ta leƙo ta ce, "Mama, da wannan gwiwar ina kuma za ki?"

Na ce mata, "Wurin babanki."

Taka har kullum,
Zumreta